Amanar da Ke Aljihun 'Ya'yan Obi

Daga shigowar kaka zuwa ƙarshen shekara, lokacin da aka kakkaɓe riɗi, doya kuma ta cika kasuwar Agyaragu, kuɗi masu nauyi ne ke ratsa ƙaramar hukumar Obi ta jihar Nasarawa. A da a lalita suke tafiya, ko a ƙulle a bakin zane, ko a cushe a ƙasan buhu. Yanzu da yawansu ta waya suke bi. Dillali daga Lafiya ko Makurɗi ko Kano zai gama lodi ya ce a ba shi lambar asusu, sai mai gona ya waiwaya ya ƙwala wa ɗansa kira. Yaron ne zai karanto lambar, shi zai duba ko kuɗi sun shiga, shi kuma zai je wurin mai POS ya ciro abin cefane.

Haka abin yake a Obi, haka yake a Agwatashi da Daddare da Adudu. Da wuya a shiga gida ba a tarar da saurayi ko budurwa guda da ke riƙe da sirrin kowa ba. Shi ya raka baba buɗe asusu, ita ta san lambar sirrin inna, su ke yi wa ƙanne rajistar jarrabawa. Magabata sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a sha'anin waya dattijo ne ke miƙa wa yaro ya karanta masa. Duk da haka babba bai rasa abin faɗa ba, domin ɓarawon intanet bai zo da sabuwar dabara ba. Da gaggawa da kwaɗayi da tsoro da kunya yake aiki, kuma waɗannan sun girmi wayar GSM, wadda sai a 2001 ta shigo Najeriya. Saboda haka ɗana, 'yata, ku ba da aron kunne.

Abin da ya fi daraja a cikin waya shi ne ɗan guntun sim ɗin nan da bai kai farce ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a watan Fabrairun 2014, gwamnati kuma ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN a Disamban 2020, layin mutum ya zama makullin rumbunsa. Ta nan banki ke turo lambar tabbatarwa, ta nan ake tura kuɗi da 'yan lambobin nan masu tauraro ko babu data, ta nan ma ake iya kiran BVN ɗin mai layi ta bayyana a fuskar waya. Wanda ya fizge waya a tasha ko a cunkoson kasuwa sau da yawa ba gangar jikinta ce ta dame shi ba. Zare sim zai yi ya saka a wata ƙaramar waya, ya fara lalube. Duk makullin yatsa ko na fuska da aka sa wa babbar wayar bai hana shi komai ba, tunda sim ɗin ya bar cikinta.

Maganin wannan yana nan cikin saitin kowace waya, kyauta, amma kaɗan ne ke amfani da shi: a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Daga ranar, duk wayar da aka saka shi sai ta nemi lambar kafin ya kama sabis. In aka kuskure sau uku zai kulle, sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka katin nan ba na yarwa ba ne, a adana shi inda ake ajiye takardun gona. Kowane banki kuma yana da gajeriyar lambar da ake dannawa ta wayar wani a rufe asusu nan take. Mai hankali yana rubuta ta tun waya tana hannunsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi cin mutane shi ne jira. Waya ta ɓata da magariba, sai yaro ya ce bari gari ya waye ya tafi Lafiya, ko ya yi ta kiran layin yana roƙon wanda ya tsinta. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A fara rufe asusu, a kira kamfanin layi, sannan a zauna a yi jimami.

Akwai kuma layin da aka yi watsi da shi. In layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. Idan tsohon mai shi bai je banki ya sauya lamba ba, saƙonnin asusunsa za su ci gaba da sauka a hannun baƙon da bai sani ba. Duk wanda ya canza layi, tafiyarsa ta farko banki ce.

Sai maganar kira. Waya za ta yi ƙara da hantsi, murya mai ladabi ta yi sallama, ta ambaci sunan mutum cikakke, wani lokaci har da ranar haihuwarsa. "Daga banki ne. An samu matsala a BVN ɗinka, za a rufe asusun yau da ƙarfe sha biyu. Mun turo maka wasu lambobi yanzu, karanto mana mu gyara." Wani kuma ba zai ce banki ba. Zai ce shi ɗan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, ko na zauren matasan unguwa a WhatsApp, akwai taro yau da dare, an turo lambar shiga guda shida, a karanto masa ya sa suna. Da an karanta, WhatsApp ɗin ya tashi daga wayar mai shi ya koma tasa. Kafin la'asar, saƙo ya isa ga kawu da gwaggo da abokai: ina asibiti, a taimaka mini da dubu ashirin zuwa gobe, ga lambar asusu. Su kuwa sun ga hoton ɗansu, sun ga sunansa, me zai sa su yi shakka?

Sanin suna da ranar haihuwa ba hujja ba ce, irin waɗannan bayanai sun bazu a hannun mutane da yawa. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, ko lambobin jikin kati, ko lambar da ya turo ta saƙo. Duk wanda ya nema, ko da wace murya, a kashe waya. In zuciya ba ta kwanta ba, a kira lambar da ke bayan katin banki ko a taka zuwa reshe. WhatsApp yana da matakin tsaro na biyu, inda mutum ke zaɓar wata lamba shida tasa ta kansa, kuma minti biyu sun isa a kunna shi. Idan saƙon neman kuɗi ya zo daga ɗan'uwa, a kira shi a ji muryarsa, a tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani, tunda yanzu har murya ana iya kwaikwaya da na'ura. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta rufe masa baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya sanar da dangi maza kafin su fara turawa.

Wata asarar ba ɓarawo ke jawo ta ba, sakaci ne na ranar rajista. Ɗalibi ya je kafe a Lafiya zai cike JAMB ko neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Lafiya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai. Layi ya yi tsawo, rana ta yi, motar Obi za ta tashi. Mai kafe ya tambaye shi imel, ya ce ba shi da shi. Nan take a ƙirƙira masa, a sa kalmar sirrin da ake sa wa kowa, wani lokaci ma a sa lambar wayar yaron shago. Ya karɓi takarda ya tafi yana murna. Bayan watanni, lokacin da za a duba sakamako ko karɓar gurbi, ko bayan shekaru lokacin bautar ƙasa, sai a nemi imel ɗin nan da layin nan. Shago ya tashi, yaron shago ya koma wani gari, ɗalibi ya shiga zarya tsakanin ofisoshi a kan abin da minti goma za su hana. JAMB tana ɗaure bayanan ɗalibi da layin da ya tura NIN ɗinsa da shi, kuma ta sha gargaɗin a yi amfani da layin kai. A buɗe imel a gida, a natse, kafin ranar. In an shiga asusu a kwamfutar kafe, a fita kafin a tashi daga kujera.

Kalmar sirri kuwa, shekarar haihuwa da sunan masoyi da 1234 su ne farkon abin da mai lalube ke gwadawa. Abin da ya fi haɗari shi ne kalma ɗaya a ko'ina: Facebook, imel, manhajar banki, shafin caca. In ɗaya daga cikin shafukan ya yi yoyo, masu kutse suna ɗaukar jerin su gwada a sauran. Doguwar jimla ta Alago ko Migili ko Eggon ko Tibi ko Hausa, wadda mai ita kaɗai ya san dalilinta, ta fi gajeriyar kalmar Turanci mai ado wuyar fasawa. Rubuta ta a littafi a ɓoye a akwati ba laifi ba ne. Ya fi a ajiye ta a saƙon waya da sunan "lambar banki".

Kullum sai an turo link a zaure. Gwamnati na raba tallafi, kamfani na ba da data kyauta saboda cika shekaru, an buɗe ɗaukar aiki, tura wa mutum goma ka samu. Tun da aka fara haƙar rijiyar neman mai ta Ebenyi a yankin Obi a watan Maris na 2023, duk wata sanarwa mai tambarin kamfanin mai tana saurin shiga zuciyar matashin da ke zaune ba aiki, kuma 'yan damfara sun san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Tambari da hoton shugaban ƙasa kowa na iya kwafa. Abin dubawa shi ne adireshin da ke can sama. Shafukan hukumomin gwamnati galibi suna ƙarewa da gov.ng, na manyan makarantu da edu.ng, kuma wajibi ne waɗannan haruffa su zo a ƙarshen sunan shafin, ba a tsakiya a bi su da wani abu ba. An daɗe ana koya wa mutane cewa in sun ga hoton kwaɗo a gefen adireshi to shafin amintacce ne. Kwaɗon yana nufin babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakanin waya da shafin, bai ce komai game da halin mai shafin ba, kuma takardar shaidar da ke kawo shi kyauta ake samunta. Shi ya sa ma Google ya cire hoton daga Chrome a 2023. Aikin da aka ce sai an biya kuɗin fom ta asusun wani mutum, ko shafin tallafi da ke neman lambar sirrin kati, ba sai an yi dogon bincike ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A Disamban 2016 harkar ninka kuɗi ta MMM ta daskarar da asusun 'yan Najeriya ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a bayan ta yi alkawarin ninka jari cikin wata guda, har fusatattu suka far wa ofishinta a Ibadan. Tsakanin biyun shekara takwas da 'yan watanni ne, wato daidai lokacin da ƙanin wanda aka cuta a farko zai girma ya mallaki waya. Lambobin da ke hawa a fuskar manhaja zane ne kawai, mai manhajar ke rubuta abin da ya ga dama. Abin takaici a nan shi ne sau da yawa ba kuɗin yaron ba ne ke tafiya. Kuɗin taki ne, ko na adashin uwa, da ya ara a ɓoye da niyyar mayarwa da riba.

Manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya ma suna da nasu. GBWhatsApp da 'yan'uwansa suna burge matasa saboda ana ganin saƙon da aka goge, ana ɓoye cewa an karanta. Amma ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, ba a san wanda ya taɓa cikinsu ba, kuma kamfanin yana rufe layin da ya kama da su. Wanda ya saka irin wannan a wayar da ke ɗauke da manhajar banki ya shigo da baƙon da bai san asalinsa ba har ɗaki. Haka manhajojin bashi. Dubu goma cikin minti biyar, ba jingina, ba shaida, sai dai a danna "na yarda". Abin da aka yarda da shi shi ne su kwashe lambobin duk mutanen da ke wayar. Ranar da aka makara, saƙon cin mutunci zai isa ga limami da fasto da suruki. Hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a 2021 a kan irin wannan, Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotuna a 2023, a shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Doka ta zo, amma ba ta goge saƙon da suruki ya riga ya karanta. Kafin a bai wa manhaja izini a tambayi kai: me tocila za ta yi da lambobin mutane?

'Yata, wannan taki ce, ko da yake samari ma ba su tsira ba. Hoton da ya bar waya ya bar hannun mai shi har abada, ko an ce sau ɗaya za a gani ya ɓace, domin wata wayar tana iya ɗaukarsa. Haka in za a kai waya gyara, a cire sim da memori, a tsaya a kai in da hali. Idan wani ya fara barazana da hoto yana neman kuɗi, biya ba ya kashe maganar, ƙara masa ƙarfi yake yi. A adana saƙonninsa, a gaya wa babba, a kai ƙara. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan wannan.

Yanzu a koma ga kalmar da aka fi furtawa a bakin rumfar POS: babu netwok. Yana da amfani matashi ya san abin da ke bayanta. Waya tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa. Ƙarfen yana buƙatar wuta dare da rana, kuma duk da babbar tashar lantarki ta Akurba da aka buɗe a Lafiya a 2022, ƙarafan ƙauyuka da yawa da janareta da batir suke rayuwa. Man gas ya ƙare ko an sace batir, gari ya yi shiru. Daga ƙarfen, saƙo yana bin wayar gilashi da aka binne a gefen titi, wadda katafila mai aikin hanya ko mai haƙa kwalbati ke iya tsinkewa ba da saninsa ba. Daga nan ya nufi Abuja ko Legas, wani ma ya shiga teku. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna suka rikice, intanet ya yi ta jan ƙafa a ƙasashen Afirka ta Yamma, gyara ya ɗauki makonni. Mai sayar da doya a Agyaragu da bai taɓa ganin teku ba ya ji a jikinsa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuwa, kuskuren saiti guda a cikin kamfanin Facebook ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram a duk duniya na kusan awa shida, mutane suna ta kashe waya suna kunnawa, wasu suna zagin kamfanin layinsu da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wanda ya fahimci tsawon wannan hanya ba zai riƙa danna "tura" sau uku ba. Kuɗin da aka tura yana fita daga banki, ya ratsa NIBSS mai haɗa bankuna, ya shiga wani bankin, kuma yana iya maƙalewa a kowace gaɓa. Manhaja ta yi ta juyawa ta ce ba a yi nasara ba, alhali an cire kuɗin. Sauri ya haifi nawa: yaro ya sake turawa, daga baya duka biyun su sauka, a shiga roƙon baƙo ya dawo da ɗaya. A fara duba abin da ya rage a asusu. A adana rasit, musamman doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikinsa, da ita banki ke bin sawun kuɗi. Tun 2020 Babban Banki ya sa wa'adi: kuɗin da ATM na wani banki ya riƙe a dawo da su cikin awa 48, rikicin POS a warware cikin awa 72. In banki ya yi mako biyu bai share hawaye ba, ana iya kai kuka sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin. Matsalar kamfanin layi kuma, hukumar NCC tana da lamba 622, kiranta kyauta ne.

A cikin wannan ruɗani ne mai alat na ƙarya ke cin kasuwarsa. Rana ta yi gora, an gama loda doya, direba yana ta danna ham. Mai saye ya juyo da fuskar wayarsa: ga shi, an tura, ga koren rubutu, ga sunan baba. Har saƙo ma ya shigo wayar yaron mai kama da na banki. "Netwok ne, zai shiga, ai ka ga shaida." Yaro ya ji nauyin tsayar da babban mutum, ya ce a tafi. Hoton rasit ana ƙera shi, saƙon tes ana ƙirƙirarsa. Shaida ɗaya ce tak: mai kaya ya buɗe asusunsa da hannunsa ya ga kuɗin sun ƙaru. In ba su shiga ba, mota ta jira, a kawo wa baƙo ruwa da kujera. Ɗan kasuwa na gaskiya ba ya fushi da wannan, shi ma haka yake yi a rumfarsa. Waɗanda suka ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da takardar naira ta ɓace manhajojin bankuna kuma suka durƙushe saboda cunkoso, sun koyi riƙe layi biyu na kamfanoni daban, asusu biyu, da 'yan kuɗi a hannu. Dabara ce mai kyau, kada a bari ta shuɗe don abubuwa sun lafa.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Manhaja mutum ne ya rubuta ta, kuma manya ma suna tuntuɓe. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas ya gurɓata, saboda gyaran da aka yi wa manhajar bai isa ga wasu daga cikin manyan kwamfutocin hukumar ba. Aka sake musu jarrabawa. Abin lura shi ne gaskiya ta fito ne saboda ɗalibai da iyaye da malamai sun ƙi yarda cewa na'ura ba ta kuskure, suka yi ta ƙorafi da hujja. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma, sabuntawa guda mai aibi daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda.

Wani zai ji wannan ya ce to gara kada a sabunta komai, dama data ta yi tsada tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Wannan gurguwar fahimta ce. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 100, ta rikita asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su saka ba. Sabuntawa mai aibi takan zo jefi-jefi a gyara ta cikin kwanaki, ɓarakar da aka bari a buɗe kuwa tana nan kullum tana jiran mai shiga. A sayi datar dare mai rahusa a sabunta waya da manhajar banki. Masu kafe da ofisoshin makarantu da har yanzu ke kan Windows 7 su sani Microsoft ya daina toshe ɓarakarsa tun Janairun 2020. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu kuma kada ya dogara da filas ɗaya da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana kwasar cuta. Ya tura wa kansa kwafi ta imel duk ranar da ya ƙara shafi.

Ga waɗanda ke karatun kwamfuta a Lafiya ko Keffi, masu burin gina manhaja, Obi makaranta ce da ba a biyan kuɗinta. Abin da ya yi aiki a kan kwamfutar mai shi a ɗakin kwanan ɗalibai bai gama gwaji ba sai an kai shi ƙauye, a ƙaramar waya mai cikakken memori da tsagaggen gilashi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Me zai faru in sabis ya yanke ana tsakiyar biya? In mutum ya danna sau biyu, sau biyu za a cire? In wuta ta ɗauke, bayanan da aka shigar suna nan? Wanda ya iya amsa waɗannan, ya iya haɗa netwok na makaranta ko asibiti, ya iya ɗora sola a kan na'ura ta kwana tana aiki, ba zai rasa abin yi a jihar Nasarawa ba. Hanya ɗaya ce ake roƙon ɗa ya kauce mata, ta 'yan yahu, da ƙanwarta da ba a cika ganewa ba: aron asusu. Aboki ya ce za a turo masa kuɗi, nasa asusun yana da matsala, a ba shi naka zai ba ka wani abu. In kuɗin na sata ne, sunan da BVN ɗin da masu bincike za su fara gani na mai asusun ne, kuma shi EFCC za ta nema, abokin kuwa ya kashe waya.

Saura abu guda da gidaje ba sa tunawa sai ya faru. Yaron da ke riƙe da sirrin kowa wata rana zai tafi makaranta, ko bautar ƙasa, ko aure, ko ya kwanta ciwo. In asusun baba da layin ɗansa aka buɗe shi, to alat yana can Kalaba ko Sakkwato tare da mai bautar ƙasa, baba yana Obi bai san abin da ya shiga ko ya fita ba. Asusun kowa ya zauna a kan layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinsa. A zauna da inna a tabarma a koya mata danna lambar duba kuɗi da kanta, ko da za a maimaita sau goma, a nuna mata yadda za ta rufe madannai da tafin hannu a wurin mai POS, kada ta faɗi lambar da baki. Sunan banki, lambar asusu, lambar rufe asusu da inda katin sim yake, a rubuta su a littafi guda, a ba wa babban da aka yarda da shi a gidan ya ajiye.